Gashin Zabon da Na Manna a Katin Baba

A nan Riyad Disamba kan shigo ko sallama babu. A unguwarmu ta Nasim ban taɓa cin karo da katin Kirsimeti a shago ba, shi ya sa muke yin namu a cikin gida, ni da 'yata Na'omi, idan babanta ya tafi aikinsa na asibiti. Da zarar ta baje takardu a ƙasa, sai zuciyata ta koma tsakar gidanmu a ƙauye, can wajen Malumfashi, inda Kaka kan hura wutar kara bayan an ci tuwo, ta miƙe ƙafafu, mu matso.

Mu biyu Kaka ta riƙe bayan rasuwar mahaifiyarmu, ni da ƙanwata Rifkatu. Ni ce babba, don haka ni aka bari da surfe da ɗiban ruwa, ita aka kai ta makaranta. Baba yana Inugu yana aikin jirgin ƙasa, sai a yi shekara biyu ba mu sa shi a ido ba. Abin da ke isa gare shi daga hannunmu kati ne guda ɗaya, wanda direban motar albasa ke kai masa kafin Kirsimeti.

Ni nake yin katin. In yanka kwalin sukari da reza, in jiƙa ƙaro a gwangwani, in shafa shuni ya zama sama, in ɗiga ruwan zoɓo inda nake son ja. Da totuwar kara nake gina 'yar rumfar da aka haifi Yesu, tumaki kuwa auduga ce, tauraro takardar alewa. Kwana huɗu nake yi, yatsuna duk a manne. Sai Rifkatu ta zo da bironta, kafin ruwa ya tafasa ta gama rubutu a ciki. Idan amsa ta zo, da sunanta take farawa, tunda ita ce mai karantawa. Kaka ta ce, "To, 'yar boko, buɗe mana bakin babanki." Ni kuwa in yi ta tona toka da tsinke.

Shekarar da na yi katin da ya fi kowane kyau, na leƙa abin da ta rubuta. Layi huɗu ne ƙanana, sai wani gajere a can sama da manyan baƙaƙe. Na ce a raina, wa zai rubuta suna da girma haka in ba nasa ba? Da ta tashi wanke hannu, na tsinci gashin zabo guda uku, na dangwala ƙaro, na rufe layin nan ruf. Har kyau ya ƙara. Kaka tana kallona. Ita ma ba ta san ko "a" ba.

Bayan sabuwar shekara amsa ta iso. Rifkatu ta matsa kusa da wuta tana karantawa. Baba ya ce ya nuna wa abokan aikinsa katin, har wani ya roƙe shi ya hana. "Allah ya yi wa hannunki albarka, Rifkatu. Amma Saratu ko gaisuwa ba ta aiko ba. Lafiya take kuwa?"

Rifkatu ta ajiye takardar. "A'a! Ai na rubuta! Yaya, Allah kuwa na rubuta. A can sama na sa, babba, don ya fara gani: Saratu ce ta yi wannan." Sai ta fashe da kuka, wai direba ne ya lalata katin.

Kaka ta gyara zaninta. "Ke, share majina, kada ki kashe mana wuta. Ga wata tatsuniya can tafe, ku ba ta hanya."

Rifkatu ta amsa tana shessheƙa, "Ta iso, Kaka." Ni kuwa na ci gaba da tona toka.

Wai Kurege da Bushiya darni ɗaya ya raba gidajensu. Wata damina duma ya hau rufin Bushiya, ya yi 'ya'ya manya-manya. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya ce, "Kai, Bushiya, hannunki da albarka!" Kurege yana ji daga cikin raminsa, abinci ya daina yi masa daɗi. Ran nan ya bi gindin darni, ya sami saiwar, ya gwaguye ta. Kwana uku ganye ya yi yaushi. Sai ga Bushiya a ƙofarsa, ido jawur. "Maƙwabci, an cuce ka. Duman nan naka ne, irin da ka shuka ka manta, ya haura wajena. Ina ta gadinsa ne ya ƙosa, in kawo maka ƙore goma a gaban jama'a."

Rifkatu ta ce, "To, me Kurege ya ce?"

"Me zai ce, ga ɓawon saiwa a haƙoransa?" Kaka ta miƙo mini kara ba tare da ta dube ni ba. "Saratu, ƙara mana wuta. Ƙurunƙus, na ajiye ta nan, mai ita ya ɗauka."

Na ɗauka. Amma ban gaya wa Rifkatu ba sai bayan na yi aure. Baba kuwa ya rasu yana cewa ƙaramar ce mai hannu.

Na daɗe ina zaton tatsuniyar cewa take yi a daina hassada. Da haka ne, da ta faɗi a banza, don tawa ba ta tafi ba. Na shiga ajin yaƙi da jahilci ina goyon Na'omi, na koyi karanta Hausa a hankali, da yatsa. Rifkatu kuwa yanzu shugabar makaranta ce a Kaduna, kuma Na'omi ba ta da magana sai ta Anti Rifkatu. Makon jiya na yanka wa Na'omi tauraron kati, na manna auduga, na ɗaura zare. Ita ta cika cikin katin da Turanci, shafi guda, za a aika wa Anti ta hannun wani abokin aikin babanta da zai je hutu. Na riƙe shi ina duban baƙaƙen da ban sani ba.

Na ce, "Na'omi, karanta mini. Da Hausa."

"Mama, yalla, wannan sirri ne fa!" Ta yi dariya, amma ta karanta, tana tuntuɓe, tana cike giɓi da Larabci. Anti ce gwanarta. Irin Anti take so ta zama. Daga farko har ƙarshe babu ni.

Ya yi zafi, ba zan ɓoye ba. Amma a nan na gane abin da Kaka ta ajiye mini. Kurege bai taɓa leƙa darni ya ce, "Maƙwabciya, duman wa ke nan?" ba. Tambaya na iya kawo amsa mai ɗaci, sai dai ba ta kashe shuka.

Na ce ta ba ni biron. Akwai ɗan fili a ƙasa, faɗin yatsa biyu. Na daɗe a kansa, Na'omi tana ta cewa mai tafiya zai wuce. Na rubuta: "Rifkatu, ni na yi tumakin. Yarinyar nan taki ce kamar yadda take tawa. Yayarki, Saratu."