Zazzaɓin da Ke Tafiya da Ƙafarsa

Har yau in na ji warin ganyen dogon yaro a kan wuta, gabana faɗuwa yake yi. Kwanan baya maƙwabciyata a unguwar Jiddari Polo ta tafasa shi don sirace, iska ta kawo min ta saman katanga, sai ga ni na ajiye wuƙar yanka albasa na nemi wuri na zauna. Ni da nake yini a ɗakin binciken jini, ina koya wa ɗaliban likitanci yadda garkuwar jiki take aiki, wai ganye ne ya zaunar da ni. Bari in gaya maka dalili.

A unguwar Mairi ta Maiduguri na tashi, a gidan da bishiyar dogon yaro ta rufe rabin tsakar gidansa. Baba bandar kifi yake sayarwa a kasuwar Baga Road, rigunansa ko an wanke ƙaurin hayaƙi ba ya barinsu. Mahaifiyarsa, Kaka, tare da mu take zaune, ita ce kuma mai faɗa a ji. Inna 'yar ƙanin Kaka ce, auren zumunci aka yi, saboda haka surukarta ita ce gwaggonta. Ka ga kuwa bakin musu a rufe yake ta fuska biyu. Mu biyu Inna ta haifa, ni da ƙanena.

Yaron nan ƙiriniya gare shi kamar ɗan akuya. Shi ne kan katanga, shi ne cikin kwandon kifin Baba. Amma tun yana ɗan shekara huɗu wani zazzaɓi ya saba masa, kusan duk wata sai ya zo. Ni ce nake fara ganewa, domin ranar ba zai ja min kitso ba, ba zai saci ƙosaina ba. Sai ya ture kunu, ya kwanta a tabarma ya dunƙule, hannu biyu a ciki. Kafin azahar jikinsa ya zama garwashi, wani lokacin gwiwa ɗaya ta kumbura. Ba ya ihu, nishi yake yi ƙasa-ƙasa, kuma nishin nan ya fi ihu ba ni tsoro.

Kowa a gidan yana da maganinsa. Kaka za ta sa a tsinko ganye a tafasa, a lulluɓe shi da zane a kan tukunya har ya riƙa shure-shure. Baba in ya dawo kasuwa sai ya saɓa shi a kafaɗa zuwa wurin mai kemis, a yi masa allurar maleriya. A rana ta uku sai yaro ya miƙe garau ya nemi abinci, sai kuma rigimar yabo ta tashi. Kaka ta ce siracenta ne, Baba ya ce allura ce, kowa da hujjarsa, tunda ga yaro can yana kora kaji. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Maiduguri yake kashe sauro da kansa, in zazzaɓin ya zo sunansa maleriya. A unguwarmu zazzaɓi ba shi da wani suna.

Da abin ya ƙi ƙarewa, Kaka ta ce saifa ce, a kira wanzami. Da hantsi ya zo, ya shimfiɗa buzu a ƙarƙashin bishiya, ya zazzage zabirarsa. Na laɓe bayan randa ina kallon askar tana walƙiya. Ƙanin Baba ya danne ƙafafun yaron, aka yi masa tsaga a gefen ciki na hagu, aka kafa ƙaho. Ranar kam ya yi ihu, yana kiran Inna, ita kuwa tana ɗaki ta cusa bakin gyalenta a baki, don kunyar ɗa ba ta bari uwa ta fito. Wanzami ya juye baƙin jini a kasko ya nuna wa Kaka, ya ce ga ciwon nan ya fita. Washegari zazzaɓi ya sauka. Wata na zagayowa ya dawo, wanzami ma ya dawo. Kafin yaron ya shiga aji uku, gefen cikinsa ya zama kamar ƙwaryar da aka yi wa zane, ni kuma in na hango mai zabira a hanya sai in canza lungu.

Wata damina Baba ya tafi bakin tafki sayo kifi, Kaka ta tafi biki ƙauyensu, sai ciwon ya zo. Ruwa ya cika layinmu har gwiwa, babu halin zuwa kemis, itace kuma duk ya jiƙe. Inna ba ta da abin yi sai ba shi ruwa da goga masa jiƙaƙƙen tsumma. Na tabbata mutuwa zai yi, tunda babu sirace, babu allura, babu aska. A rana ta uku ya tashi ya ce burabusko yake so. Ina ta tsalle, amma da na dubi Inna sai na ga fuskarta babu walwala ko kaɗan. Abin da ta gane a ranar ya fi zazzaɓin tsorata ta.

Da Kaka ta dawo, Inna ta durƙusa gabanta ta ce, “Gwaggo, ciwon yaron nan ba maganinmu yake ji ba. Da ƙafarsa yake zuwa, da ƙafarsa yake tafiya. A kai shi babban asibiti.”

Kaka ta ce, “Subhanallahi! Ni da na kwana ina masa addu'a a can, ke kin ɗauka a banza ya warke? Kar ki ja wa yaro da bakinki.”

Inna ta sunkuyar da kai. Baba da ya ji, ya ce mai lafiya ba ya zuwa asibiti, in ya kwanta kuma ai kafin a ga likita ya tashi. Maganar ta mutu a nan.

Yana ɗan shekara goma sha biyu sai ya fara cika. Kumatu suka fito, ƙafafu suka yi ɓul-ɓul, silifas ya daina shigarsa. Wallahi murna aka yi. Kaka tana shafa kansa tana cewa jikanta ya fara kama jiki irin na kakansa, maƙwabta suna yi wa Inna barka. Shi ne ya ja ni gefe ya ce, “Yaya, fitsarina kumfa yake yi kamar an zuba omo.” Dariya yake yi da ya faɗa, amma idonsa ba ya dariya. Ranar da ya kasa buɗe ido don kumburi aka kai shi asibiti, likita ya ce ƙodojinsa sun daɗe da lalacewa. Bai kai azumin shekarar ba. Kaka ba ta ƙara sa an tsinko ganye a gidan ba har ta rasu, ba ta kuma taɓa cewa komai a kai ba.

Shi ya sa na karanta likitanci, shi ya sa kuma na bar ɓangarorin da abokan karatuna suke rububi na maƙale a ɓangaren garkuwar jiki. Akwai ciwon da babu ƙwayar cuta ko ɗaya a cikinsa: garkuwar jiki ce take tayar da faɗa babu abokin gaba, ta yi kwanakinta ta lafa, amma duk tashin da ta yi sai ta bar wani datti da ke taruwa a ƙoda. A jini ake gadonsa, auren zumunci kuma yana ƙara masa ƙarfi. Wani irinsa, ƙwayar magani ɗaya 'yar mitsitsiya a kullum tana tare shi. Ba zan rantse shi ne ya kashe ƙanena ba, domin babu jininsa da zan gwada. Na dai ga yara a asibiti da tsaga a gefen ciki, iyayensu suna ce min maleriya ce mai taurin kai.

Yanzu Mairi ta cika da benayen ɗalibai, gwajin maleriya kuma ko a kemis ana yi kafin ka gama gaisawa. Watan jiya ɗana ya ture shayinsa ya riƙe ciki. Na gwada shi da hannuna, babu maleriya. Wannan ne karo na uku a bana. Na ɗebi jininsa na aika ƙasar waje, har yau sakamako bai dawo ba, ga wata yana neman zagayowa. Mijina yana cewa likitoci mun cika tsoro, ai ga yaro yana buga ƙwallo.

Inna ta tsufa, a wurina take zaune. Ranar da zazzaɓin ɗana ya sauka, masu dubiya suka yi ta hamdala. Sai da suka watse ta kama hannuna ta matse har na ji zafi.

Ta ce, “Ni an ce in yi shiru, na yi. Ke kar ki bari kowa ya ce miki ya warke.”