Karatun Baba ta Bayan Zana

Da hantsi ne, na gama shara na ɗora tukunya, na zauna bakin ɗaki da wani littafin labari da na aro wurin maƙwabciyata, sai na ji babur ya tsaya a ƙofar gida ba a kashe shi ba. Malam Ɗan Jimma ne, abokin surukina a tashar motocin Barmu. Ya tambaya ko maigidana yana nan. Da na ce ya fita aiki, sai ya ce a kira masa Inna, uwar mijina. Tun kafin Inna ta ƙaraso zaure na gane abin da ya kawo shi. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Baba, surukin nawa, ya cika a hanyar asibiti, daga tashar da ya yi rayuwarsa duka a cikinta.

Ba zan iya rubuta sunansa ba, kamar yadda ban taɓa faɗinsa da bakina ba. A garin Tawa, duk wanda ya san tasha ya san shi da Direban Barmu, kuma wannan ya isa. Gida ɗaya muke zaune, zana ce ta raba sashenmu da nasa. Tun da aka kawo ni gidan, in na ji tarinsa a zaure nakan ja mayafi in shige ɗaki. Gaisuwarmu daga nesa ce, ni a durƙushe, shi yana kallon wani wuri yana amsawa. Haka muka taso muka tarar, kuma ban taɓa zaton akwai ranar da za mu yi magana ta wuce ina kwana ba.

Motarsa tsohuwa ce, ta girme ni. Da safe ba ta tashi sai an tura, kuma fasinjojin sun san da haka, har ba sa jira a roƙe su. Samanta ya ɗauki buhunan hatsi, ya ɗauki awaki, ya ɗauki gadon amarya. A ƙauyukan da ke tsakanin Tawa da Barmu akwai itatuwan da mata ke jiransa a gindinsu, wata da saƙon magani, wata da yaro mai zazzaɓi. Bai taɓa wuce su ba ko da motar a cike take, sai dai ya ce wa samari su matsa. Mace mai ciki gaba yake sa ta, ko wane ne ya riga ta zama sai ya sauka. Yakan ce fasinja amana ne a hannunsa har sai ya ga ƙafarsa ta taɓa ƙasa. In an yi masa tsiyar rashin gudu kuwa, amsarsa ɗaya ce: shi bai taɓa makara zuwa gidan da aka san zai dawo ba.

Sai labari ya zo daga sandika, wato ƙungiyar direbobi, cewa gwamnati na shirin sauya motocin haya. Wanda ya miƙa tsohuwa za a sa shi cikin masu samun sabuwa, amma sai ya sake horo ya ci jarrabawar dokokin hanya, wadda suke kira kod. Aka kuma ce nan gaba tsofaffin ba za su ƙara ɗaukar fasinja ba. Tasha ta rikice. Wasu suka ce zance ne kawai, za a yi a bari. Wasu suka fara neman mai sayen tasu. Da yawansu sun ƙware da sitiyari tun ina goye, amma ba su taɓa zama a aji ba, kuma wannan ne abin da ba sa son faɗa a fili.

Ni dai, in faɗi gaskiya, murna na yi. Na riga na ga motar a raina, fara ƙal, mai sanyi a ciki, ni a gaba da sabon lalle, irin yadda ake zuwa ɗaukar mata a labaran da nake karantawa. Maigidana, wanda ya koyi tuƙi a hannun Baba yake kuma yin kabu-kabu a gari, dariya ya yi mini. Ya ce shi ba zai sake komawa lakwal, wato makarantar boko, da gemu ba, hanyar Barmu ba a takarda take ba. Na ji su da Baba suna wannan gardama bayan sallar La'asar. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce in abin ya zo ya tarar da mutum a shirye, to madalla, in kuma bai zo ba, ai ba a yi asarar karatu ba.

Ba a jima ba, wata yamma ina tankaɗe kusa da zana, sai na ji tarinsa daga ɗaya gefen. Na yunƙura zan tashi, ya ce in zauna. Akwai wani wuri da karan zanar ya ɓalle, daidai gwiwar mutum. Ta nan na ga wani ɗan littafi mai hotunan alamomin hanya ya shigo, sai kuma yatsa ya biyo shi, farcen ya yi baƙi da man mota.

"Ɗiyata," in ji shi, "an ce ke mai karatu ce. Mi anka rubuta nan?"

Na karanta masa, na fassara abin da ɗan Faransancin da na samu a makaranta ya iya kaiwa. Ya maimaita. Na gyara masa, sannan kunya ta kama ni don na gyara wa suruki magana. Ya ce in ci gaba da gyarawa, malami ba ya jin kunyar ɗalibi.

Daga ranar, in ya dawo daga hanya ya yi alwala, sai ya jawo tabarmarsa jikin zana. Bai taɓa leƙowa ba, ni ma ban taɓa ɗaga kai ba. Har ya bar duniya na fi sanin yatsansa a kan fuskarsa. Alamomin ba su ba shi wuya ba, ya san su da ido tun da daɗewa. Baƙaƙen ne suka wahalar da shi. Yakan kama ɗaya yau, gobe ya kuɓuce, ya yi tsaki ya ce kansa ya zama kamar tankin da ke yoyo. Inna takan wuce ta ce tsoho ya shiga lakwal, a ɗinka masa gajeren wando. A tasha ma labari ya bazu, abokansa suna ce masa Muse, kamar yadda ake kiran malamin makaranta. Malam Ɗan Jimma ya gaya mini daga baya cewa waɗanda suka fi yi masa tsiyar su ne ke zagayowa a ɓoye su tambaye shi abin da ya koyo jiya.

Wata rana na yi ƙarfin hali na tambaye shi dalilin wannan wahala a shekarunsa. Ya ɗan yi dariya.

"Motata in ba ta da lafiya tari take yi, in ji da kunnena. Sabuwar kuwa an ce rubutu take yi. In ta rubuta a tsakiyar daji ga mace tana naƙuda a baya, wa zai karanta mini?"

Amma ba kullum yake dariya ba. Abin da ya fi damunsa shi ne jita-jitar da ake yi cewa sababbin ba za su ɗauki kaya a sama ba, kuma ba za su tsaya ko'ina ba sai a tasha. Bai san ko gaskiya ne ba, kuma babu wanda ya iya ba shi tabbaci. Ya ce in haka ne, to waɗanda ke jira a gindin itace fa? Ya ce shi ya sa yake son motar ta faɗo hannun wanda ya san su da suna, don ko an hana, akwai mai zuwa taro ya yi magana a kansu. A ranar ce na daina ganin kaina a gaban farar mota. Na fara ganin matan nan suna kallon ta tana wucewa.

Ranar da ya rasu, an ce ya gama lodin kaya yana jiran motar ta cika, sai ya ji jiri. Bai zauna ba sai da ya kira Malam Ɗan Jimma ya ce a mai da fasinjojinsa wata mota, shi yau ba zai riƙe sitiyari ba. Ya tsaya har aka sauke wata tsohuwa da ƙullin kayanta, ya ga ta samu wurin zama. Daga nan ya jingina da ƙofar motarsa, sai aka ga yana sulalewa.

Yanzu motar tana ƙofar gida, babu mai tura ta. Bayan an share makoki, mutanen sandika sun zo sun ce za su riƙe wa maigidana gurbin mahaifinsa, amma sai ya zauna jarrabawar da za a yi kafin damina. In bai ci ba, gurbin ya koma wani gida, tsohuwar motar kuma kwananta a hanya ya kusa ƙarewa. Gidan nan duka da ita yake ci. Maigidana ya yi musu rakiya ya dawo. Ni kuwa ban yi masa maganar ba, don na san abin da ya taɓa faɗa. Sai na ajiye littafin Baba a kan akwatina, inda ido zai gan shi.

Shekaranjiya da yamma na duba ban ga littafin a wurin ba. Ina zaune kusa da zana, sai na ji an jawo tabarma a ɗaya gefen. Littafin ya shigo ta inda karan ya ɓalle, yatsa ya biyo shi, irin na Baba sak, sai dai babu tamoji. Maigidana ne, bai iya zuwa ya zauna a gabana ba, sai ya zagaya ya zauna a wurin mahaifinsa.

"Ina Baba ya tsaya?" in ji shi.

Na buɗe shafin fitilun da ke kunnuwa a gaban direba in mota ta samu matsala. Sai da na share idona kafin in iya ganin baƙaƙen. Ban sani ba ko lokacin da ya rage zai ishe mu, don maigidana ya fi Baba saurin fushi da takarda. Ban kuma sani ba ko sabuwar motar za ta tsaya a gindin itatuwan nan. Amma mun fara.

Ya Allah Ka jiƙan Baba, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka karɓe shi da irin sauƙin da ya yi wa bayinKa a hanya. Ka ba Inna haƙurin rashinsa, Ka rufa wa gidan da ya bari asiri. Ka buɗe wa ɗansa kai, shi da duk direban da ke tsoron takarda yana jin nauyin faɗa. Masu jira a gindin itace kuma, Ka kawo musu mai tsayawa. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.