Yaya Iro da Yashin da Ya Soya

Ranar Talata bayan La'asar, ina tsakar gidana a Tsaskiya, wayata ta yi ƙara. Binta ce daga Batsari, matar yayana. Ba ta jira mun gama gaisawa ba ta ce, "Rabi, sai haƙuri. Yaya Iro lokaci ya yi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwana tara ya yi yana fama da ciwon ƙirji, kuma duk ranar da na kira sai ya ce da sauƙi.

Yaya Iro mai walda ne. Da rayuwa ta yi tsanani, mai ya yi tsada, hanyoyi suka zama abin tsoro, sai ya rufe shagonsa na bakin tasha ya kwaso kayan aiki zuwa gida. Ba shi da yawan magana, amma in ka tambaye shi yadda abu yake aiki, to ka sosa masa inda yake ƙaiƙayi. Yakan ce, "Ƙarfe ba ya ƙarya, mai shi ne ba ya saurare."

Shekarar da 'yata Hauwa take da cikin fari, ma'aikaciyar asibiti a Safana ta ce kada ta kuskura ta haihu a gida, ɗan a gicciye yake. Mota guda ce a unguwarmu, ta wani direba Lawal, tsohuwa 'yar Kwatano. To mata sun ƙaurace mata. Duk wadda ta zauna a baya, kafin a kai wata tsamiya da ke bakin hanya kanta ya sara, wata har ta suma. Aka ce motar iska gare ta. Surukar Hauwa ta rantse jikanta ba zai shiga ba, sai dai a hau babur. Babur, a wannan hanya mai ramuka, ga mai naƙuda!

Ni ban musa akwai aljanu ba, Alƙur'ani ya faɗa. Amma tun a makarantar allo aka hane mu shaida a kan abin da ba mu sani ba. Kuma abu guda ya tsaya mini a rai: me ya sa iskar ba ta taɓa kama Lawal ba, shi da ke gaba taga a buɗe? Na nemi izinin maigida, na roƙi Lawal muka kai motar Batsari.

Yaya ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashinta. Can ya fito da guntun bututun salansa, wato na fitar da hayaƙi, tsatsa ta cinye, an naɗe shi da gwangwanin madara da waya. Ya miƙo mini.

"Malama Rabi, ga aljaninku. Yi masa tofi."

Hayaƙin ta nan yake fita, ya bi wata kafa a ƙasan kujerar baya ya cika motar. "Wannan baƙo ne da ba ya sallama," in ji shi. Lawal ya ce sabuwar salansa ta fi ƙarfinsa. Yaya ya ce, "Sai mu ƙera."

Kwana uku na yi ina kallo ina tambaya, bai gaji ba. Ya nuna mini cewa injin mai turbo ne: hayaƙi yakan juya wata 'yar fanka kafin ya fita, don haka ya fi zafi, kuma in bututu ya matse a kwana, motar numfashi zai gagare ta kamar mai asma. Ya fara lanƙwasa waya a ƙarƙashin motar, ya ɗauki siffar hanyar da bututun zai bi. Sannan ya aika aka ɗebo yashin rafi, ya tankaɗe, ya ɗauki kaskon da Binta ke suyar gyaɗa ya ɗora a murhu.

"Malam, yau yashi za mu ci?" in ji Binta.

"In ya yi daɗi zan ɗiba miki."

Na ce, "Yaya, don Allah me ya kai yashi kan wuta?"

Ya ce in aka cika bututu da yashi aka toshe bakinsa biyu, zai lanƙwasu bai lotsa ba. Amma in da danshi ko kaɗan, zafi zai mai da shi tururi ya harbo toshiyar. Ya ɗage hannun riga ya nuna mini wani tabo. Shekara da shekaru ina ganin tabon nan, ban taɓa sanin asalinsa ba sai ran nan.

Ya gasa bututun a garwashi har ya yi ja, shi da Lawal suka lanƙwasa shi a gindin darbejiya. Na farko ya ɗan yamutse. Lawal ya ce, "Baba, ai ya yi haka." Yaya ya jefar da shi gefe.

"Ba a yi wa mai ciki aikin ya yi haka."

Aka sake suya, aka sake gashi. Da aka kawo wutar lantarki rana ta uku ya yi waldar, ya liƙe kafar. Sai ya tada injin, ya ce in shiga baya. Shi ma ya shigo, ya rufe tagogi. "Karanta mana Yasin. In kin kai ƙarshe kanmu lafiya, aiki ya yi." Na karanta a hankali, ina jin tsoro, ina kuma jin kunyar tsoron. Na idar, kaina garau.

Da na koma, sai da na zauna a baya gaban idon surukar Hauwa, aka kai ni Safana aka dawo da ni, kafin ta yarda. Mako biyu bayan haka naƙuda ta zo da hantsi. A motar aka kai Hauwa, aka yi mata aiki, aka ciro 'ya mace mai rai. Na kira Yaya ina kuka. Ya yi hamdala, sannan ya ce, "A hanya fa, ba wanda kansa ya sara?"

Ya Allah, bawanka Ibrahim ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa jinyar da ya yi ta zama kaffara. Ka ba Binta da 'ya'yansa biyar haƙuri, Ka rufa musu asiri a wannan zamani mai wuya. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.