Saga, Wannan Karon Ba Ka Tashi Ba

Ranar Laraba, 14 ga watan Yuli, 1999, da hantsi, Allah ya karɓi ran Saga, dokin marigayi mijina Nobila, a gidanmu da ke Wagadugu. Ya shekara talatin da ɗaya.

Saga, wannan ce mutuwarka ta goma sha huɗu. Goma daga ciki a fim ka yi su. Nobila ne ya koya maka: da ka ji ƙarar bindiga sai ka zube, ka miƙe ƙafafu, ka zaro harshe, ba ka tashi sai an ce “Kupe!”, kalmar da masu fim ke tsayar da aiki da ita. Jaruman da suka hau ka sun sha jin haushinka, don a silima kai ake yi wa kuka.

An daina kiranka fim, kai ba ka daina ba. Tayar babur ta fashe a bakin kasuwa, ka zube da buhunan gerona. Ranar auren 'yata Poko aka buga bindigar murna, ka mutu a gaban dangin ango, har uwarsa ta fara salati.

Bayan rasuwar Nobila, ƙanensa Tinga ya shigo da mahauci. Ya ce, “Yaya, ki yi haƙuri, tsohon nan ci kawai ya iya.” Na ɗauki taɓarya na maka wa ƙofar langa-langa. Ka zube. Mahaucin ya ja baya ya ce, “Bawan Allah, mushe ka kira ni in yanka?” Bai sake dawowa ba. Shekara shida muka ƙara tare, kai kaɗai nake yi wa hirar Nobila ba ka ƙosa.

Ranar Larabar na fito da dusa na tarar da kai kwance. Na ce, “Kupe, maƙaryaci, wa ya harbe ka?” Na sake faɗa. A na uku har muryar Nobila na kwaikwaya. Sai na lura ba ka zaro harshe ba.

Liman ya ce ba a yi wa doki salla. Na ji. To Allah ya jiƙan Nobila, ya sa aljanna makomarsa, kai kuma Saga ya saka maka wahalar da ka yi mana. Ina miƙa ta'aziyyata ga jikokinka masu jan amalanke, da Tinga, wanda ya fi kowa kuka wajen haƙa ramin. Allah ya ba mu haƙuri.

In ka ji muryar Nobila a can, Saga, ka tashi.