Zanen da Muka Dangwala

Ku matso kusa ku ara mini kunne, mai gyangyaɗi ya je ya wanke ido. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ne, a gabana aka yi shi, da ƙafata na taka shi. Ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla. Matar ɗana ce ke riƙe da biro, ni ke faɗa, kuma na ce mata kada ta gyara mini baki.

A ruga aka haife ni, bayan Kwadon, tun Gombe tana ƙarƙashin Bauchi. Mahaifiyata, wadda muke kira Dada, ba ta tatsar saniya sai da waƙa. Wata damina ina ƙarama, wasu mutane suka zo da mota da wani inji mai faifai biyu suna juyawa, suka ce daga gidan rediyo suke, suna tara waƙoƙin ƙasa. Suka tarar da Dada tsugune da ƙwarya tsakanin gwiwoyi, suka roƙe ta ta ci gaba. Ta ci gaba, don ba ta san injin yana riƙe murya ba. Da mahaifina ya dawo kiwo ya ji labari, kwana bakwai bai yi mata magana ba. Wai matar mutum, muryarta tana yawo a kasuwanni. Daga ranar babu wanda ya sake ta da zancen a gidanmu. Dada ta rasu a shekarar da na yi haihuwar fari. Ba ta bar hoto ba, ba ta bar komai ba sai ƙwarya biyu.

Aure ya kawo ni unguwar Manawashi a cikin Gombe, a nan na tsufa, a nan maigidana ya riga ni gidan gaskiya. To akwai wani shiri a gidan rediyon da muke ji, duk Laraba bayan la'asar, awa guda cur. Tsofaffin waƙoƙi ake sawa: masu goge, masu garaya, sarewar makiyaya, kiɗan Tera, na Waja, na Tangale, gangar Barebari. Wani dattijo mai shaƙaƙƙiyar murya ke gabatarwa. Yadda faifan Dada ya yi yawo har ya iso hannunsa, Allah masani. Amma sau biyu ko uku a shekara sai in ji ya ce, "Ga wata baiwar Allah daga rugar Kwadon." Sai muryarta ta fito. A tsakiyar waƙar maraƙi yana kuka, wata yarinya ta yi tari sau biyu. Ni ce yarinyar. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Da maƙwabciyata muke saurare. 'Yar Tangale ce, Kirista, ta yi aikin asibiti har ta ajiye. Uwar biyu nake kiranta, ita kuwa Goggo take ce mini kamar yaran unguwa. Muna shimfiɗa tabarma gindin darbejiya, rediyo a tsakiya, tana ɓarar gyaɗa ina dama fura. Ita abin da take jira kiɗan garinsu ne, wanda aka yi rawarsa ranar bikinta.

Wata Laraba muka kunna, sai ga saurayi da budurwa suna ta shewa, mutane na bugo waya ana gaishe-gaishe, a tsakani ana tallan maganin basir. Na murɗa dama, na murɗa hagu. Na ce rediyon ne ya rikice. Washegari na ɗauke shi zuwa wurin wani tsohon Babarbare mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Kun san tsakanin mu Fulani da Barebari, ba a gaisuwa sai da tsiya.

"Baiwata, yau shanun sun ba ki hutu ne?" in ji shi.

"Bawan gidanmu, karɓi ka duba, ka rage surutu."

Ko buɗe shi bai yi ba. Ya ce, "Rediyonki lafiyarsa lau, ya fi mai shi lafiya. Shirin aka cire." Ya ce dattijon mai gabatarwa abokinsa ne, ya zauna a kan bencin nan ya ba shi labari. Sabon shugaban shirye-shirye ya duba ya ga kowane shiri ana bugo waya, ana turo saƙo, amma shirin tsofaffin waƙoƙi shiru. Sai ya ce babu mai ji. Faya-fayan kuma an ɗaure su a kwali za a kai sito.

Na dawo gida ina juya maganar. Mu yadda aka rene mu, in babba yana waƙa ba a sa masa baki. Shekara da shekaru muna zaune muna ji cikin ladabi, ashe shirunmu ake ƙirgawa, ana cewa ba ma nan. Kuma na san sito. Abin da ya shiga sito na gara ne da ɓera. In faifan nan ya lalace, Dada ta mutu karo na biyu, kuma wannan karon ina gani.

Uwar biyu ta rubuta wasiƙa ta kai da hannunta. Shiru. Muka gwada bugo waya, layi ba ya shiga. Ran da ya shiga, saurayin mai sabon shirin ya ce, "Mama, wa za ki gaisar?" Kafin in gama sallama ya katse.

Sai na ce mata, "Ke, mu da ba mu iya rubutu ba, ran zaɓe yaya ake sanin muna nan?"

Ta ce, "Dangwale."

Na ce, "To shi za mu yi."

Na sayi farin alawayyo, na jiƙa bula ta wanki a gwangwani har ta yi kauri. Da Babarbare ya gan ni da farin yadi sai ya ce, "Innalillahi! Likkafani kika saya tun yanzu? Ki jira mana in samu wanda zan bar wa gadonki." Na ce, "Kawo yatsa, kai ne farko, tunda bawa ke share hanya." Ya dangwala yana dariya.

Doka ɗaya na kafa: ba mai dangwalawa sai ya rera mini ko baiti ɗaya daga waƙoƙin shirin. Ba na son yatsan alfarma. Mako uku muna yawo. Muka bi Manawashi gida-gida, muka shiga Hammadu Kafi, muka je tashar mota, muka je wurin mahauta. Wani mahauci, ƙato, wuƙa a hannu, ya fara rera waƙar goge sai muryarsa ta karye, ya juya mana baya yana goge ido da kafaɗa. Uwar biyu ta kai zanen cocinsu ran Lahadi, ya dawo da yatsu har gefe. Babarbare ya kai shi ƙofar masallaci ran Juma'a. Ran kasuwar Kwadon na hau mota ni kaɗai, na zauna wurin masu nono. Wasu suka gudu, wai siyasa ce. Wata ta ce, "Goggo, in na dangwala me za a raba?" Na ce, "Waƙar kakarki." Ta ce a kai kasuwa. Gwiwoyina suka kumbura, ɗana ya ce in bari. Na ce masa ya bar ni, ban taɓa roƙon komai a garin nan ba sai yanzu.

Ran wata Laraba muka hau napep mu uku, ni da Uwar biyu da Babarbare, muka tafi gidan rediyon, wasu tsofaffi suka biyo mu a baya. Aka shigar da mu wurin shugaban. Yaro ne sa'an ɗana na uku, mai ladabi, har ya rusuna ya gaishe mu. Muka warware zanen, ofishin ya kasa ɗauka, sai da aka ja shi zuwa baranda. Ya tsaya yana kallo. Farin kusan duk ya koma shuɗi.

Na ce, "Ɗana, an ce ka ce ba mu nan. Ga mu."

Ya yi bayani, rabi Hausa rabi Turanci. Ya ce shi ba ƙin waƙoƙin yake ba, amma janareto mai yake sha, kuma masu talla ba sa son shirin da ba a bugo waya. Uwar biyu ta ce, "Mu ma muna da basir, ka gaya musu." Har shi ya yi dariya. Sannan ya dube ni ya ce, "Goggo, da wannan ƙafar, me ya sa kika wahalar da kanki haka?"

Na shiga naɗe bakin zanen. Sai Uwar biyu ta ce, "Mai waƙar tatsa ta Kwadon uwarta ce."

Na juya na dube ta. Ta ce, "Shekara nawa muna tabarma ɗaya? Duk ran da aka sa waƙar nan ba kya cin tuwo. Kin ɗauka makauniya ce ni?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "To wannan mai sauƙi ne. Yau ɗin nan zan sa a nemo faifan, a zuba miki a memori. Ki sa a waya ki ji safe da yamma, ba sai kin jira kowa ba."

Wallahi na so in karɓa. Waƙar da sai na jira wata huɗu, wata biyar kafin in ji, ga shi za a ba ni a tafin hannu. Babarbare ya matso ya raɗa mini, "Karɓi, ke Bafillatana. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki." Kuma gaskiya ya faɗa. In na ƙi, aka kai kwalin sito, na rasa duka.

Na dubi zanen. Na gane yatsan mahaucin nan, don ya fi kowanne faɗi. Na ga na matan coci a jere a gefe. Babu wanda ya dangwala don uwata, kowa da abin da yake jira.

Na ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma mutanen nan ba su aiko ni in karɓi rabona in koma ba. Kuma uwata da ta yi waƙar nan, a fili ta yi ta, shanu na ji, tsuntsaye na ji. Ba zan kulle ta a waya ba. Rediyon nan na jama'a ne, ka mayar da ita inda jama'a za su ji."

Ya ce ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, sai ya kai sama. Na ce, "To ka kai. Mu kuma duk Laraba bayan la'asar za ka same mu gindin bishiyar ƙofarku. Lokacinmu ne, ba mu da inda za mu kai shi."

Haka muka yi. Mukan je da tabarmi mu zauna, ba zagi ba hayaniya. Wanda ya tuna waƙa ya rera, saura su amsa. Laraba ta biyu ruwa ya ba mu kashi. Ta uku mutane suka ragu, har na ƙirga mu a yatsun hannu ɗaya. Ranar na koma gida ina cewa a raina, ke tsohuwar banza, an ba ki uwarki kin ƙi. Amma Laraba ta zagayo na ɗaura ɗankwali na fita. Mai gadin ma ya fara ajiye mana ruwa a buta.

Laraba ta shida dattijon mai gabatarwa ya fito da kansa. Ban taɓa ganinsa ba, muryar na gane. Ya ce an amince, amma rabin awa, kuma ran Asabar da hantsi. Faya-fayan za a kwashe su a na'ura kafin su lalace. Babarbare ya ce, "An ba mu rabin saniya." Na ce, "Rabin da ke da nono ne."

Asabar ta farko kiɗan garin Uwar biyu aka fara sawa. Ta tashi da sandarta ta taka, gyaɗa ta watse a tabarma. Tawa ba ta zo ba sai bayan babbar salla. Ina tankaɗe na ji an ce, "Ga wata baiwar Allah daga rugar Kwadon." Na ajiye rariya. Maraƙin ya yi kuka, yarinyar ta yi tari sau biyu. A gidan da ke bayanmu ma na ji ana kunne da ita, muryar tana tsallako katanga. Da aka gama na sa aka buga mini waya gidan rediyon, na ce a gaya wa shugaba mun ji. Tun daga ranar ba Asabar da ba ma bugawa. Mun koyi darasi.

Yanzu ga inda kowa ya ƙare. Uwar biyu ƙafa ta gaza, 'ya'yanta suka mayar da ita garinsu. Duk Asabar in an gama shiri sai ta kira ni ta ce, "Goggo, kin ci tuwo?" Babarbare ya rasu bara da azumi, Allah ya jiƙansa, ban sake samun bawa kamarsa ba. Rumfarsa yanzu cajin waya ake yi a ciki. Shugaban an yi masa canjin wurin aiki. Kafin ya tafi ya aiko mini da memorin nan a ambulan, na karɓa, don lokacin ba cin amana ba ne. Yana cikin ƙwaryar Dada, ban cika kunnawa ba, na fi son in jira. Dattijon ya ajiye aiki, wata yarinya ta gaje shi. Tana karya sunayen garuruwa, muna bugawa muna gyara mata, tana godiya.

Zanen kuwa na je na karɓo abina. Yana ƙasan akwatina a naɗe. Akwai wajen kamu guda a ƙarshensa da ba a dangwala ba, na nuna wa matar ɗana wurin, na nuna mata inda nake ajiye bula, ko da wata rana an sake cewa ba ma nan. Iyakar abin da na gani ke nan, ku mayar da kunnuwanku, na gode da aro.