Shekara Ukun Teteh Euis

Bakwai saura kwata na safe, ko ana zuba dusar ƙanƙara ko ana zafin da ke jiƙe riga, za ka tarar da kekenta jingine a bayan asibitin tsofaffi da ke bakin kogi, a wani ɗan gari na lardin Gifu. Euis Rohaeti ke nan. Jafanawa sun gaji da karya harshe a kan sunanta sun koma ce mata Ei-san, 'yan ƙasarta na Indonesiya kuwa Teteh suke kiranta, wato Yaya. Takan fara da yaye labule ɗaki ɗaki, ta taɓa ƙafar kowane tsoho ta ji ko da sanyi. Azahar tana yin ta a ɗakin ajiye zannuwan gado. Da rana ta buɗe kwalbar yajinta, wanda shugabar ma'aikatan jinya, Kuwabara-san, ta shekara biyu tana ƙorafin warinsa, yanzu kuma ita ke fara miƙo cokali.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki bayan shekara goma sha bakwai. Na ga abin da aka tanadar mata bai wuce furanni da kati ba, raina ya ƙi, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kafin ta zo, shekara goma sha biyu ta yi tana nas a wani asibitin Garut, garinsu a Indonesiya, a ɗakin waɗanda ke rai a hannun Allah. Dokar nan ba ruwanta da wannan. Sai ka ci jarrabawar ƙasa, da harshen Jafananci, sau ɗaya a shekara, a watan Fabrairu, kafin ka taɓa allura. Aka ba ta rigar 'yan taimako, ta koma wanka da sauya kunzugu da tura keken abinci. Hannayenta kuwa ba su ji dokar ba, da ta ga ƙarin ruwa ya tsaya sai su miƙa da kansu. Don haka ta koya musu zama a baya, ɗaya riƙe da ɗaya.

Kuwabara-san har yau tana ba da labarin wata safiya da sabuwar nas ta soki tsoho Horibe sau uku ba ta sami jijiya ba. Tsohon masunci ne, ga baki.

"Ke yarinya, hannuna ne ko matashin allura?"

Euis na tsaye a gefe, hannu a baya. A hankali ta ce, "Ɗora masa tawul mai ɗumi, ki ɗan jira." Sannan ta nuna wurin da haɓa. Allura ta shiga sau ɗaya.

Horibe ya harare ta. "Ke da kika iya, me ya hana ki?"

"Takarda, Kaka."

"Takarda ce ke ganin jijiya?"

Ta yi dariya tare da kowa, ta fita ta shiga ɗakin zannuwa. Kuwabara-san ta ce ta daɗe ba ta fito ba.

Amma ba allura ce babbar kewarta ba. Ta baro 'yarta Nenden, mai shekara bakwai, wajen kaka, ta ɗaga mata yatsu uku a tashar mota ta ce shekara uku kawai. Duk ranar Lahadi yarinyar kan rufe hira da tambaya ɗaya: "Mamah, yaushe za ki dawo?"

Fabrairu uku suka zo suka wuce, ba ta ci ba. Wace irin jarrabawa ce da kalmar gyambon kwanciya kaɗai, Jafanawa da yawa ba sa iya rubuta ta? Kuwabara-san ta zaunar da ita ta jera mata hanya uku. Ko ta koma gida. Ko ta bar jinya ta nemi takardar kula da tsofaffi. Ko ta karɓi ƙaramin lasisin mataimakiyar nas, ta sake zama ɗaliba shekara biyu, sannan ta kuma gwada babbar jarrabawa. Shayinta bai huce ba Euis ta zaɓi ta uku, don zuciya ta ɗebe ta, ba za ta koma Garut a ce ta kasa ba. Kowa ya yaba mata. Ba wanda ya tambaye ta wa ke ƙirga kwana a gida.

Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. A shekara ta bakwai ta ci. Ta kira gida.

"Nenden, na samu! Yanzu ina iya dawowa."

"Barka, Mamah. Ki yi zamanki, mun saba."

Ba faɗa, ba kuka. Sai a lokacin Euis ta lura rabon da a yi mata tambayar Lahadi ya kai shekara uku. Ta ci gaba da zuwa hutu, ana shimfiɗa mata sabon zanin gado kamar baƙuwa, ana tambayarta ko tana shan sukari. Ta taɓa gaya mini cewa tsoro ne ya riƙe ta sauran shekara goman, tsoron ta koma gaba ɗaya ta tarar ba wurinta.

Da wata ce, da ta zauna da ciwon nan ita kaɗai. Euis ta mai da shi aiki. Duk sabuwar nas da ta sauka daga ƙasarsu, takan ja ta ɗakin shan shayi ta jera mata hanyoyin, da tsawon kowace, ba ƙari ba ragi. Ina nan ranar da Ririn, 'yar Lombok, ta dafe kai.

"Teteh, don Allah ke dai ki zaɓa min."

"Ni na haife ki? Zauna daidai. Wa kika baro a gida?"

"Ɗana."

"Shekara nawa kika ce masa?"

"Na ce kafin ya shiga firamare."

"To doguwar hanya ba taki ba ce. Kina da Fabrairu biyu, ki ba su ranki. In ba a dace ba, ki ɗauki jakarki kanki a sama. Lasisi yana jira, yaro ba ya jira."

Ririn ba ta ci ba. Euis ta raka ta tashar jirgin ƙasa riƙe da akwatinta, ba ta bari kalmar faɗuwa ta fito daga bakin kowa ba. Yau Ririn na jinya a garinsu, ita ke kai ɗanta makaranta. Wasu goma sha ɗaya sun ci a hannunta, kowacce ta hanyar da ta dace da wanda ke jiranta.

Teteh, ke ce kika riƙe hannu a baya har doka ta ce ki sake. Ke ce kika yi wa wasu tambayar da ba a yi miki ba. Uwar baƙi, mai nuna hanya da haɓa. Mun gode, kuma za mu yi kewarki fiye da yadda katin nan zai iya faɗa. Ku da sababbi ke zuwa wurinku neman shawara, kada ku tsaya a wace takarda ta fi girma. Ku tambayi wa aka baro, da abin da aka ce masa.

Watan jiya, lokacin cin abincin rana, wayar Euis ta yi ƙara. Nenden ce, shekara ashirin da huɗu, da cikin wata bakwai. Ta yi ta kewaye-kewaye a kan kumburin ƙafa da nas ɗin da ta soke ta sau huɗu, sannan ta ce:

"Mamah... yaushe za ki dawo?"

Kuwabara-san ta ce nan take Euis ta ajiye cokali. Wannan karon Euis ba ta ɗaga yatsu ba.

"Ran uku ga watan jibi," ta ce. "Jirgin safe."