Yakuwa a Bokitin Fenti

Yau da safe bangon ɗakinmu ya fara gumi, kamar yadda yake yi duk ƙarshen sanyi a nan Guangzhou, ƙasar Sin. Warin danshin ya tuno mini da Kawu, yayan mahaifiyata.

War haka yake shuka yakuwa a bokitin fenti a barandarmu, da irin da ya ƙullo daga Kano. Shekarar da ciwon numfashi ya addabi gari, kowa da takunkumi, na same shi tsugune yana tari, yana tona ƙasa da cokali.

Matata ta ce, "Kawu, ku shigo ciki. Ƙasar nan ba ta san yakuwa ba."

Ya goge baki da hannun riga, ya ce, "Ƙasa ba ta ƙin baƙo, 'yata. Abin da aka ba ta, karɓa take yi."

Tarin bai sake shi ba. Ba mu samu kai shi gida ba, nan muka binne shi. Ranar sadakar bakwai yakuwar ta tsiro. Har ta bushe, ba wanda ya iya tsinkar ganye ɗaya.

Allah Ya sa ƙasar da ta karɓe shi ta riƙe shi da sauƙi.